Gwajin Kawu a Kan Tudu

Ƙaurin ne ya fara shigowa ta taga, tun kafin lambar da ke kan kwamfutar da na ɗora a cinya ta koma ja. Muna tsakiyar tudun bayan gareji, cikin motar tseren wani attajiri, Kawu ya riƙe ta da totur, ba ta gaba ba ta baya.

"Kawu, kulocin yana ɗaukar zafi. Ku taka birki."

"Injiniya, rufe talabijin ɗin nan naka, ka bar ni in ji abin da take faɗa."

Yayan mahaifiyata ne. A gidansa na girma, shi ya tsaya mini har na gama jami'a. Shi kuwa gareji ne makarantarsa. Ya fara da wanke ƙarafa cikin kananzir, ya yi zamani a ƙarƙashin manyan motoci, daga baya ya tsaya kan kuloci kaɗai. Direbobi suna kiransa Ƙafar Hagu. Inna, matarsa, takan ce takalminsa na hagu kullum mutuwa yake ya bar na dama maraya, kuma ko cikin barci taka ƙarfen gado yake yi.

Gwaji ɗaya gare shi. Kafin ya ce wa mutum a canza kuloci, sai ya hau tudun nan da motar, ya tsayar da ita a tsakiya ba birki, ya riƙa ɗaga ƙafa a hankali har ya ji inda faifan yake kamawa. In ya kama da wuri, ya ce, "Je ka, da sauranta." In sai ƙafa ta kusa ɗagewa gaba ɗaya, ya ce a sauke giya. Ya tsani a cire wa mutum kayan da bai mutu ba.

Da ɗan mai garejin ya zama manaja, ya yi fenti, ya shimfiɗa tayil, ya fara karɓar motocin tsere. Kulocinsu faifai ne mai cinyewa kamar na kowace mota, sai dai babu abin takawa. Kwamfuta ce ke kamawa da saki, ita ce kuma ke lissafin abin da ya rage. Don karanta wannan lissafin aka ɗauke ni aiki. Kawu kuwa an bar shi ne saboda sunansa ke kawo mutane. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa bambancin. In baƙo ya zo, Manaja ya riƙo hannunsa ya ce, "Ga babanmu nan." In baƙo ya tafi, ya tura shi juye baƙin mai.

Attajirin ya kawo motar ne don tana fizga in zai tashi daga danja. Ta hannu ya saya. Kwamfuta ta ce saura fiye da rabin faifai. Na gaya wa Manaja cewa mai sayarwa yana iya goge lissafin ya mayar da shi kamar na sabo, gara a sauke giya a gani da ido. Ya ce mai mota sauri yake yi. Ya juya wajen Kawu yana dariya.

"Baba, zo ka yi mana irin naka, a ga aikin manya."

Na daɗe ban ga Kawu ya miƙe da hanzari irin na ranar ba. Har hannu ya wanke.

A kan tudun, da bai sami abin takawa ba, sai ya mayar da gwajin kan totur. A irin motocin nan, in aka riƙe su haka, kwamfuta barin faifan take yi rabi a kame, yana gogar ƙarfe. Ina ganin ƙafarsa ta hagu tana danna kafet inda babu komai. Na sake yin magana. Shi ma ya ji ƙaurin, amma ya saba da motocin da ke jure masa, sai ya ƙara ɗan jira. Motar ta yi ƙara, ta zare giya da kanta, muka fara sulalowa baya. Ya taka birki. Hayaƙi ya taso daga ƙasa, kuma giya ba ta sake shiga ba.

"Tsoho, wa ya ce ka ƙona wa mutane mota?" in ji Manaja, gaban kowa.

"Kai ka ce in gwada."

"Gwadawa na ce. Ba ka ji yaron nan yana hana ka ba?"

Da ni ya buge shi. Kawu ya dube ni, ya cire rigar aiki ya ninke.

Ni na sauke giyar. Faifan ya siranta sosai, kuma ya yi baƙi da zafi. Ban iya cewa wanne ya riga wanne ba. Attajirin ya sa shi a kwali ya aika wa wani masani nasa. Manaja ya ce in an tabbatar faifan ya riga ya ƙare tun kafin gwajin, Kawu ya dawo. In gwajin ne ya cinye shi, ya zauna gida ke nan.

Yanzu Kawu yana tsakar gida, ya kwance keken ɗinkin Inna da bai lalace ba. Ni ina zuwa aiki. In na dawo, ba ya ɗago kai.

"Injiniya, an aiko?"

"Ba a aiko ba, Kawu."

Masanin bai ce komai ba har yanzu. Manaja ya ce mu jira.