Sallamar Jibo ta Uku

Jibo taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, don haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa. Manomin tumatir ne a Danja. Tun yana yaro yake bin babansa fadama, kuma har ya haura arba'in zama da shuka ya fi masa sauƙi a kan zama da mutane. Ka tambaye shi lafiya, sai ya ce da godiya, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Matarsa Rukayya ta rasu ta bar masa 'yan mata biyu, Mansura da Amatullahi. Ya daɗe ko ɗaga kai bai yi ya dubi mace ba. Da surutun dangi ya ishe shi, sai ya yarda aka sa shi a wani zauren haɗa aure na WhatsApp, inda zawarawa da gwauraye ke ajiye bayaninsu da lambar waya.

Wata da watanni shiru kake ji. Ranar da ya kawo mini kwandon tumatir Malumfashi na karɓe wayarsa na duba. Na yi dariya har da hawaye, daga baya tausayinsa ya kama ni. Duk matar da ya tuntuɓa, "Salamu alaikum" kawai ya rubuta mata. Washegari ya sake, ya ƙara sakewa, daga nan ya bar ta ke nan.

Na ce, "Malam Jibo, wannan fa?"

Ya ce, "Haka aka koya mana, Naja'atu. Sallama uku ce a ƙofar gida. In ba a amsa ba, sai mutum ya juya."

"A ƙofar gida ana jin muryarka, ana leƙowa a ga wane ne. A nan wa ya san ka? Wayar kowace bazawara cike take da sallamar marasa aikin yi."

Sai ya nuna mini wata mai suna Sabuwa, mai ɗinki a Kafur. Ta rubuta cewa ba za ta ajiye kekenta saboda aure ba, kuma ba za ta yi nisa da tsohuwarta ba. Jibo ya haddace bayanin nan kaf. Ya riga ya yi mata sallama biyu, saura ɗaya. Ya ce in ita ma ba ta amsa ba, zai fita daga zauren, maganar aure kuma ya rufe ta. Na san halinsa, ba ya faɗa ya fasa.

Muka ja daga. Shi a ganinsa rashin kunya ne mutum ya fara zayyana kansa tun ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Na ce ba yabon kai na ce ya yi ba: ya faɗi sunansa, ɗan wane ne, me yake ci da shi, me ya kawo shi wurinta ita kaɗai. Kuma kada in ji gimbiya ko tauraruwa, ba su dace da bakinsa ba.

Daga ƙarshe ya zagaya bayan ɗaki ya ɗauki saƙon murya a wayar, ni kuwa na kasa kunne ta taga. Ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na babansa, da gonarsa, da rasuwar Rukayya, da 'ya'yansa. Ya ƙare da cewa, "Na ga kin ce ba za ki yi nisa da Inna ba. Abin da ya sa na yi miki magana ke nan."

Sati bai zagayo ba sai ga shi a kan babur, ko kwando bai ɗauro ba. Ya miƙo mini wayar. Amsa ta zo tun safe, ya kasa buɗewa.

Na danna. Muryar mace ce a natse, ana jin ƙarar keke a gefe. Ta amsa sallama, ta yi wa Rukayya addu'a, sannan ta ce, "Malam Jibo, 'yan matan nan, wa ke yi musu kitso?"

Ya zauna a bakin rijiya ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ni ma sai a lokacin hankalina ya kwanta.

Ya ce a hankali, "Ni nake yi. In gaya mata?"

Na ce, "Gaya mata. Ka kuma gaya mata ba ya kyau."