Rumbun da Ya Cinye Gonarsa

Shekarar da Nasara suka fasa hanyar mota daga Isa zuwa Sabon Birni, gari ya fara kumbura. 'Yan kasuwar gyaɗa suka yi ta neman wurin gini, idonsu ya faɗa kan gonarmu ta bakin gari, wadda marigayi kakana ya yi shekaru yana saukar da Fulani a cikinta bayan girbi saboda taki. Baba ya kusa yarda a yanka musu ita.

Kakata Tumba abin ya tsaya mata a rai, amma babu halin faɗa. Baba ɗan farinta ne. Ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta yi masa faɗa.

Ran nan bayan isha'i muna kewaye da wutar kara, ta ce ga ta nan, mu buɗe kunne. Sai na ga ta ja tabarma jikin zanan da ya raba mu da turakar Baba, ta ɗaga murya, ita da kullum sai mun matsa muke jin ta.

Wai wani manomi ne geronsa ya yi albarka har rumbu ya kasa ɗauka. Ya haƙi ƙasa a gefen gonar ya gina babba, jama'a suka yaba. Daɗin yabo ya kwashe shi, kowane rani sai ya ƙara haƙa, ya ƙara rumbu. Ranar da ruwan shuka ya sauka ya fito da iri, sai ya tarar gonar ta zama kududdufi, kwaɗi na ta kuka a ciki.

Muka tuntsire da dariya. Ni da shegen surutu na ce to me ya zuba a rumbunan?

"Mi za shi zubawa, ɗan nan? Iska! Ƙasar da ta hau bango ba ta sake ba ka gero, ko ka yi kuka."

Muka ji tari a bayan zana.

Da safe Baba ya ɗora wa jaki mangalar taki ya nufi gonar, kowa kuwa ya san ba a kai taki inda za a yi gini. Tumba ta dama fura, ta zuba nono fiye da kullum, ta miƙo mini ƙwaryar, idonta cike da ƙwalla.

"Kai wa mai jakin can."

Sai da na girma na gane tatsuniyar ba tamu ba ce. Allah ya jiƙan Tumba, ina kewarta ƙwarai. Yau gidaje sun kusa zagaye gonar, tana nan dai tana ba mu gero. Duk ran da ɗan farina ya shigo da zancen masu son fili, sai in tara jikoki kusa da ɗakinsa, in ɗaga murya.