Jakar da Na Bari a Tashar Bolari

A shekarun da bam ke tashi a Gombe, ni abin da ke damuna yana cikin kaina. Gajiya ce ta kama ni, irin wadda barci ba ya maganinta. In na yi shara da safe, to aikin ranar ya ƙare ke nan. Kaina kuwa kamar an cusa masa auduga. Ina tsaye gaban allo a makarantar da nake koyarwa, sai kalma ta ɓace mini a tsakiyar magana, ɗalibai su zuba mini ido.

An gwada jini, an gwada fitsari, wai komai lafiya lau. Daga ƙarshe wata likita ta ce ciwon gajiya ne mai daɗewa, ba shi da tsayayyen magani, sai dai a yi ta gwaji. Gwaji a jikin wa? Aka fara da na ƙarin jini, ya ɗaure mini ciki. Aka koma na damuwa, ya bar ni a kwance kamar kayan wanki. Kowace ƙwaya sai na juya ta a tafin hannu ina harararta kafin in haɗiye. Mai kemis ɗin layinmu a unguwar Federal Low-Cost ma ban yarda da shi ba, don duk ciwon da ka ambata yana da maganinsa, har wanda likita ta ce babu.

Maigidana bai taɓa cewa ƙarya nake ba. Shi dai in na ce kaina ya toshe, sai ya ce, "To, Allah ya sawwaƙe," kunnensa na jikin rediyo. Wannan "to" ɗin ya fi mini zagi ciwo. Ba abin da nake so a duniya kamar ya yarda ciwo ne, ba son jiki ba.

Sai likitar ta ba ni wata 'yar farar ƙwaya, ta ce tana wartsakar da kai. Na sha, na ji kamar an buɗe taga. Har na yi ƙarfin halin hawa keke napep ni kaɗai zuwa tasha a Bolari, in aika wa yayata saƙo. Na zauna a benci ina jiran direba, na ajiye jakata a ƙasa. Da ya zo na miƙa masa saƙon, na juya na kama hanyar gida. Ashe ƙwayar jiki ta farkar, kan yana nan yadda yake.

A lokacin, jakar da ba mai ita ta fi bindiga ban tsoro. Ina bakin titi na tuna da jakata, na dawo, na tarar tashar ta watse, masu rake da masu shayi sun yi nesa suna leƙe. Na ce tawa ce, sai jami'an tsaro suka kewaye ni.

"Daga ina kike?" in ji babbansu.

Unguwar da na yi aure, na haifi 'ya'yana, wallahi sunanta ya ƙi zuwa. Suka sa na zazzage jakar da hannuna, ƙwayoyi kala-kala suka zubo. Na ga yadda suka kalli juna. Hijabina ma ya zama abin tuhuma, aka ce in ɗaga hannu, in tsaya a rana. Da ƙyar ɗayansu ya karɓi wayata ya kira maigidana.

Ya iso yana haki, ya shiga tsakanina da su.

"Ranka ya daɗe, matata ce, malamar makaranta. Ba ta da lafiya, ta daɗe tana fama. Ciwon yana ɗauke mata tunani, ko sunan ɗanta sai ya ɓace mata. Ni shaida ne, a gabana ake yi."

Na fashe da kuka, suka ɗauka tsoro ne. Daɗi ne. Ashe yana gani, ashe ya sani.

Suka sake mu, muka tari keke. Mun wuce shingen bincike, sai ya matso kusa da kunnena yana murmushi.

"Kin ga yadda na tsara musu magana? Har suka yarda."

Na riƙe jakata da hannu biyu, na ce, "To."