Shafin Hagu na Kofur Igiya

Ni mai aski ne, kuma duk wanda ya san sana'armu ya san rabinta almakashi ne, rabinta baki. Shekara talatin da ɗoriya ina tsaye a bayan kawunan mutane ina zuba, ba a taɓa samun wanda ya sa ni na yi shiru na awa guda cur ba sai mutum ɗaya. Ranar da ya yi min haka na ji haushinsa har cikin raina. Yau kwana tara ke nan da muka binne shi, kuma bayan iyayena babu wanda nake yi wa addu'a kamarsa.

Kofur Igiya muke ce masa. Ɗan sanda ne gajere, mai ɗan tumbi, wandonsa kullum a ɗage sama da idon sawu. Sunan ya samo asali ne daga wata shuɗiyar igiyar shanya da yake naɗewa a bayan babur ɗinsa. Idan ya wuce ta layinmu sai mu ɗaga murya mu ce, "Kofur, yau wankin wa za a shanya?" Shi kuwa sai ya ɗaga hannu ya wuce abinsa. Ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, don ɗan sandan da ba ya tsawa, a ganinmu, bai cika ɗan sanda ba.

Shagona yana kallon na mai kemis, titi ne kawai a tsakaninmu. Jikin kemis ɗin akwai rumfar mai guga, wani saurayi mai haƙuri wanda i'ina ta yi wa katutu, kafin ya gama gaishe ka kai ka gama amsawa. Wata Talata bayan azahar, rana ta take, layin ya yi tsit, ina cikin yi wa wani direba aski na kai rabin kai, sai na hango a madubi mai guga ya fito daga kemis da gudu, gaban rigarsa jawur. Kafin in ajiye almakashi ihu ya tashi. Aka leƙa aka ga mai kemis kwance a bayan kanta cikin jini, an buɗe durowa an kwashe abin da ke ciki.

A bakin mahaɗar titi aka cim ma mai guga yana ɗaga wa motoci hannu. Aka jawo shi ƙasa har ƙofar kemis, wannan ya mara, wancan ya shura. Yana ta buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Wani ya ce a kawo taya. Ni kuwa, Allah Ya yafe min, muryata ta fi ta kowa.

"Ni na gan shi da idona!" nake cewa. "Da dutsen guga ya fito a hannunsa! Dama makon jiya sun yi cacar baki!"

Ana cikin haka Kofur Igiya ya iso, shi kaɗai, a kan tsohon babur ɗinsa. Bai yi tsawa ba. Ya kutsa tsakiyarmu ya kama hannun mai guga ya ɗaga shi, ya tura shi shagon tela mai ƙofar ƙarfe, ya datse kwaɗo ya jefa makullin a aljihu.

"Yanzu yana hannun hukuma," in ji shi. "Wanda ya taɓa ƙofar nan, ni ya taɓa. Wanda aka ji wa ciwon fa, waye ya duba shi?"

Mun kai mutum hamsin a wurin, amma babu wanda ya tsuguna ya ga ko mai kemis yana da rai. Kofur ya shiga shi kaɗai, yana bin jikin bango a hankali, ya ɗora yatsu biyu a wuyan mutumin. Ya ɗago ya ce yana numfashi. Ya zaɓi mutum biyu, ya tambayi sunansu, ya ce su taka inda ya taka kawai. Haka aka fito da shi aka sa a mota zuwa asibiti.

Sai ya kwance igiyar nan da muke yi wa dariya. Ya ɗaure ta a turken wuta, ya ja ta zuwa tagar kemis, ya zagaye har rumfar mai guga. Ya ari roba a wurin wata mai sayar da lemo ya kife a kan wani sawun takalmi da ya taka jini a bakin ƙofa. Ya kira ofis ya faɗi abin da ya tarar. Matar mai kemis ta iso da kuka tana neman shiga ta rufe shagon, ya tare ta da murya ƙasa-ƙasa.

"Uwargida, mijinki yana asibiti, yana numfashi, can ya fi buƙatarki. Shagon nan ki bar min shi yadda yake. In Allah Ya yarda ko allura ba za ta ɓata ba."

Daga nan ya juyo kanmu ya tambayi wanda ya ga abin da ya faru. Hannu ya fi ashirin a sama. Ya ce to, wanda yake cikin layin nan kafin a yi ihu ya bar hannunsa, sauran su sauke. Muka rage mu huɗu: ni, da mai faci, da mai lemo, da direban nan mai rabin aski. Ya zaunar da ni a bencina, mai faci a kan tayarsa, mai lemo ƙarƙashin lemarta, direba a cikin motarsa, kowa nesa da ɗan'uwansa.

"Kada wanda ya yi magana da wani sai na zo kansa."

"Haba Yallaɓai," na ce, "ai duk abu ɗaya muka gani."

"Shi ya sa," in ji shi.

Awa guda na yi a bencin nan ina cika ina batsewa. Sau biyu ina yi wa mai faci alama da gira, sau biyu Kofur yana juyowa ya kalle ni kamar malamin da ya kama ɗalibi da satar amsa. Har wani babbansu ya zo da mota, ya nufi ƙofar kemis kai tsaye, Kofur ya ƙame ya sara masa, sannan ya rubuta sunansa da lokacin da ya zo, ya roƙe shi ya bi ta jikin bango. Na ce a raina, wannan mutumin ba zai taɓa samun ƙarin girma ba.

Da ya zo kaina sai ya buɗe ɗan littafinsa a tsakiya, ya nuna min shafi biyu.

"Malam mai aski, na hagu na abin da idonka ya gani ne. Na dama na abin da kunnenka ya ji. Duka zan rubuta, ba zan zubar da ko ɗaya ba. Amma na hagun kawai za ka sa wa hannu."

Na gyara zama na fara zubo labari tun daga makon jiya. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce in tashi in tsaya daidai inda nake tsaye lokacin. Na tsaya a bayan kujerar aski, na ba titi baya.

"Me kake gani a madubin?"

"Ƙofar kemis."

"Dukkanta?"

Na duba da kyau. Kalandar da na liƙa a gefen madubin ta rufe rabin ƙofar. Daga ƙirjin mutum zuwa sama kawai ake gani.

"To hannunsa fa, ka gani?"

Na girgiza kai.

"Dutsen gugan, a ina ka samo shi?"

"Mai faci ne ya faɗa."

"Shi kuma ya ce a bakinka ya ji. Lokacin yana ƙarƙashin mota. Cacar bakin fa, kana wurin?"

Ba na wurin. A kujerar nan tawa wani ya ba ni labari. Kofur ya juyo da littafin ya nuna min. Shafin dama ya cika maƙil har ya tsallaka baya. Na hagu layi biyu ne kacal: na ga mai guga ya fito daga kemis da gudu, akwai jini a gaban rigarsa. Da a ce kotu aka kai ni a awa ɗayan da ta wuce, wallahi da na rantse a kan dutsen gugan nan, kuma da zuciya ɗaya zan rantse, don har ganinsa nake yi a idona. Na karɓi biro na sa hannu a ƙarƙashin layi biyun.

Dutsen guga yana nan a rumfarsa cikin igiya, a tsaye kan teburi da sauran garwashi a ciki, babu ɗigon jini. Sawun da ke ƙarƙashin roba na takalmi ne mai ƙurji-ƙurji, mai guga kuwa silifas ne a ƙafarsa. Mai lemo, da aka tambaye ta ita kaɗai, ta tuna wani mutum da ya ajiye babur a jikin lemarta ya shiga kemis, ya fito da sauri. Ta ce ba ta faɗa ba tun farko saboda ta ga kowa ya riga ya san wanda ya yi. Mai guga ya kwana biyu a hannun 'yan sanda aka sake shi. A rana ta biyar mai kemis ya farfaɗo ya ce baƙo ne ya buge shi, kuma abu na ƙarshe da ya tuna shi ne maƙwabcinsa mai guga ya rungumo kansa yana ƙoƙarin kiran sunansa. Mota yaron mutane ya fita nema lokacin da muka kama shi. Bayan wasu makonni aka kama mai babur ɗin.

Tun daga nan Kofur ya zama mai zuwa aski wurina, duk da gashin nasa bai taka kara ya karya ba. A kujerar ne na san shi kaɗan-kaɗan, don shi ba mai surutu ba ne, sai na yi ta tono. Ɗan mai gyaran takalma ne, ya shiga aikin yana da shekara ashirin da biyu. Ya ce a watansa na uku aka tura shi wani gida da aka kashe mutum. Ya bar 'yan'uwa da maƙwabta suka cika ɗakin, shi da kansa ya ɗauki wuƙar da aka yi kisan da ita ya nuna wa mutane, ya kuma tara shaidu a tabarma ɗaya suka ba shi labari baki ɗaya. Wanda suka nuna ya yi shekara shida a kurkuku kafin gaskiya ta fito, ya fito ya tarar mahaifiyarsa ta rasu.

"Ba wanda ya hukunta ni," in ji shi. "Har yabo aka yi min wai na yi saurin gama aiki. Daga ranar da na ji an sake shi na sayi littafi."

Igiyar kuwa da gaske ta matarsa ce. Ya ce kirtanin da ake ba su na kewaye wuri yakan ƙare, shi kuma ba ya son ya je wuri hannu rabbana. Matar ta taɓa gaya wa tawa cewa ko yaransu ne suka yi faɗa, sai ya kai ɗaya ɗaki, ɗaya zaure, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ya gani, wa ya ji. Har abinci ya huce ana bincike a kan wanda ya fasa kofi. Na yi kuskure a kan ƙarin girman, amma ba da yawa ba: sai da ya kusa ritaya aka ba shi Saje, mu kuwa ba mu fasa ce masa Kofur ba.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa shekara goma sha huɗu. Ban taɓa ba mai guga haƙuri ba. Na dai riƙa kai masa kayana, har waɗanda ba su yamutse ba, ina yi masa doguwar gaisuwa. Na sa a raina cewa a cikin hayaniyar ranar bai tantance muryata ba, kuma na san Kofur ba zai taɓa nuna masa littafin ba.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, ni da mai guga muka jero a hanya. Yanzu magidanci ne, 'ya'yansa huɗu. Na ga idan ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Ƙanena," na ce, "akwai maganar da na yi a kanka ranar nan."

Ya tsaya. Ya daɗe yana kokawa da kalmar farko, ni kuma, karo na farko a rayuwata, ban ƙarasa masa ba.

"Ya... Yaya, na ji ka. Ina ƙasa, kusa da ƙafarka nake. Da za a sake ni na tambayi Kofur me ka ce. Bai gaya min ba. Ya nuna min layi biyu da sa hannunka, ya ce wannan ne shaidarka. Ni ita na riƙe."

Na share hawaye da hula. Ya dafa kafaɗata muka ci gaba da tafiya. Da muka zo layinmu ya ce in aiko da rigunan nan gobe da wuri, kafin garwashi ya mutu.