Ranar da Kociya ta Ci Tuwo a Gidanmu

Wata Asabar ce a bazarar 1996, ina da shekara goma sha uku, Baba ya tashe mu da sassafe ya ce a goge kafet, a fitar da keken da ke bayan ƙofa, domin baƙuwa za ta zo daga kwaleji saboda "yarinyar nan". Yarinyar nan ita ce yayata Bilkisu. Ita ce 'yar fari, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Baba ko na Mama ba. Shekara biyar ke nan da muka baro Katsina, mun baro dangi da gida da awakin kakarmu, amma kunyar 'yar fari ta biyo mu har cikin wani gidan haya mai ɗaki biyu a gabashin birnin Greensboro, can ƙasar Turawa.

Yaya Bilki sofbol take yi a makarantarsu, wasan nan da ake jefo ƙwallo a buge ta da kulki a zagaya fili da gudu. Ita ce mai jifa. Sai ta wana hannunta ya zagayo kamar farfela, ƙwallon ta fito ta gefen ƙugunta, kafin ka ƙifta ido ta iso ka. Ni ne mai cafe mata. Kullum bayan la'asar, idan mun dawo daga shagon wankin kaya da inji da ke ƙarshen layi mun zubar da shara, sai mu zagaya bayan gida, inda akwai 'yar ciyawa tsakanin tankunan shara da shingen wani coci. In durƙusa da safar fata a hannu, ƙudaje na bin kaina, ita kuma ta yi ta jifa har tafina ya kumbura kamar burodi. Kowace jifa da sunan ƙashin da take haddacewa: ta ambaci na cinya ta jefo, ta ambaci na haƙarƙari ta jefo. Ni a lokacin karatu bai zauna mini ba, ina aji ne kawai ana tura ni gaba, amma na san ƙasusuwan ɗan Adam da ka. Takan ce mini, "Sani, likita zan zama, amma sai na yi jifa a kwaleji. Duka biyun nake so."

Baƙuwar nan kociya ce, mai horar da 'yan sofbol a wata ƙaramar kwaleji da ke da karatun share fagen likitanci. Ta ga wasan Yaya sau biyu, kuma gurbin mai jifa ɗaya ya rage mata, da tallafin karatu a kansa. So take ta ga iyaye kafin ta yanke magana, tunda yarinya za ta yi shekara huɗu nesa da gida. Baba kuwa dako yake yi a wani sito a unguwar Wendover, kuma bai taɓa ganin jifar 'yarsa ba. Shi ne ke kai ta filin wasa a tsohuwar motarsa, amma sai ya faka can nesa bayan bishiyoyi ya kunna rediyo har a tashi. A wurinsa uba bai zama yana kallon 'yar fari ana tafa mata.

Kuma a wurinsa babban baƙo ba a tarbarsa kai kaɗai. Don haka ya kira Alhaji Mudi, wanda ya fi kowa daɗewa a garin cikin mutanenmu, da wasu abokai biyu. Mama ta tuƙa tuwon shinkafa ta kaɗa miyar kuka da daddawar da ake tattali tun bara, warinta ya cika har matakala. Kociyar ta iso da azahar, doguwar mace mai gajeren gashi, riƙe da jakar takardu. Ta shigo ta tarar da maza huɗu cikin manyan riguna sun cika falo, wadda ta zo dominta kuma tana kicin, don ba a kira ta ba tukuna. Ta cire takalmi da ta ga namu a bakin ƙofa, ta ci tuwon da hannu, ta yaba. Sannan ta dubi Baba ta ce ya ba ta labarin 'yarsa.

Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Gaban abokansa aka tambaye shi. Ya ce cikin Turancinsa, "Ai ba ta iya komai ba. Ragguwa ce, sai barci." Duk Bahaushen da ke ɗakin ya san abin da wannan ke nufi. Kociyar ba ta sani ba. Ta ɗan yi dariya tana jiran ci gaban maganar, bai zo ba. Sai Alhaji Mudi ya karɓe, shi kuma ba kunya yake yi ba, da gaske yake. Goro ne cike da bakinsa, yana tofar da jan yawu cikin gwangwanin lemo da ya ajiye kusa da kwanon miya. Ya ce 'ya'yanmu mata karatu suka zo yi, guje-guje na yara ne, idan ta shiga likitanci za ta manta da ƙwallo. Ya waiwayo ya ƙara da Hausa, "Mace da ƙwanji kamar ɗan dambe, ina amfaninsa?" Sauran biyun suka yi dariya da tuwo a baki.

Aka kira Yaya. Ta shigo da mayafi ta durƙusa ta gaida kowa, idonta a ƙasa. Kociyar ta tambaye ta ko tana son zuwa. A gaban Baba da dattawa uku, Yaya ta ƙara sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta. Nan matar ta juyo gare ni, ina tsaye da butar wanke hannu. Ta ce ta ji ni ne nake cafe mata kullum, to ni da na fi kowa sani, da gaske yayata take ko kuwa? Ni ba 'yata ta fari ba ce, babu al'adar da ta ɗaure mini baki. Da na miƙa mata tafin hannuna kawai ta gani, ya isa. Amma na ga Alhaji Mudi na kallona yana sakace, na so ya ce yaron nan yana da hankali. Na yi wata 'yar dariya na ce, "Wasa ne kawai take yi." Alhaji ya ce, "Yawwa, ɗan albarka." Kociyar ta dubi Yaya na ɗan lokaci, ta yi godiya, ta tafi da jakarta ba ta buɗe ba.

Baba bai san an yi ɓarna ba. Da baƙi suka watse ya ce wa Mama, "Matar nan ta gane, ai ta ga gidan mutunci." Sati biyu yana dawowa daga aiki ya wuce akwatin wasiƙu kafin ya shigo gida. Da wasiƙar ta zo ya miƙa wa Yaya ba tare da ya dube ta ba. Ta karanta a tsaye, layi huɗu ne ko biyar, sannan ta fassara wa Mama: sun ba wata gurbin, sun ce ba sa son su raba yarinya da ra'ayin gidansu. Baba ya ce, "Wane ra'ayi?" Da la'asar na ɗauko safar fata na tsaya a bakin ƙofa. Yaya ta ce, "Mayar da ita, Sani. Ai wasa ne." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake jifa ba.

Ta yi karatunta a nan cikin gari tana kwana a gida, ta wahala, ta zama likita. Yanzu Alhaji Mudi ya tsufa, ita ke duba masa hawan jini, a wurin suna da ɗaurin aure kuwa ba wanda ya kai shi cewa "'yarmu likita", wai tun tana ƙarama ya ga alama. Ina jinsa in tashi in ba shi wuri, amma ba na iya zaginsa, don kalmomin da suka rufe maganar daga bakina suka fito. Ranar Asabar idan na bi ta filayen wasa ta wajen Sedgefield, ina ganin mutanenmu, har da masu hula da carbi, zaune a kan benci suna ƙwala wa 'ya'yansu mata kira da sunayensu, suna ɗaukar su a waya. Nakan rage gudu in ɗan kalla. Yaya ta samu ɗaya cikin biyun da take so, ɗayan kuwa na sayar da shi a kan "ɗan albarka".