Ƙoda mai suna biyu

Shekarun baya, lokacin da nake ganin jikina ba ya gajiya, na taɓa haɗa sana'ar fawa da karatun share fagen shiga makarantar jinya. Har yau in na tuna wannan shekarar sai in ji bayana ya amsa.

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Adjamé da ke Abidjan, kamar yadda nasa mahaifin yake a can gida. Ni kaɗai ne namiji a 'ya'yansa, kuma a wajenmu fawa gado ce, ba a tambayar yaro ko yana so. Tun ina ƙarami nake tsayawa gefensa a bayan tebur. Faransancinsa bai wuce na gaisuwa ba, ni kuwa a Abidjan aka haife ni, saboda haka ni ne bakinsa. Matan da ke dafa abincin sayarwa su zo su ce suna son rognon, in juya in ce masa ƙoda. Su ce mou, in ce huhu. A bakin waɗannan matan na koyi sunan duk abin da ke cikin saniya da Faransanci, tun kafin in iya rubuta sunana da kyau.

Na gama sakandare, amma a ɓangaren adabi. Da na nemi makarantar jinya sai aka ce sai na cike giɓin kimiyya tukuna: ilimin halittu, ilimin sinadarai, da na sassan jikin ɗan Adam. Akwai kwas da ake yi ta intanet, wanda ya ci duka ukun shi ake ba damar zama jarrabawar shiga. Ranar da na gaya wa mahaifina yana wasa wuƙa ne, kuma bai daina ba har na gama maganata.

Ya ce, "Daga wannan Layya zuwa ta baɗi. Da safe kana nan, da rana ka je ka yi bokonka. In ka ci, Allah ya sa albarka. In ba ka ci ba, ka karɓi wuƙar nan ka daina wahalar da kanka. Kafaɗata ta fara gaya mini gaskiya."

Na ce na yarda, da saurin wanda bai san abin da ya ɗauko ba.

A unguwar Biafra muke zaune, cikin Treichville. Da an yi asuba mu nufi mayanka, daga can mu wuce Adjamé da nama. In yi ta sara da awo da tafinta har azahar, sannan in wanke hannu in shiga woro-woro, wato tasin haɗaka, in haye gada in koma Treichville. Wani abokina yana da shagon gyaran waya a unguwar Arras, da wata tsohuwar kwamfuta a lungu, ita ce ajina. Komai sabulun da na sa, ƙarnin nama sai ya riga ni shiga shagon.

Darussan yawanci bidiyo ne. Malami ya fara bayani a hankali, fanka tana kaɗawa, ni kuma tun asuba ban zauna ba. Ba na wuce gabatarwa barci yake ɗauke ni. Sai in ji abokina yana taɓa kujerar da ƙafa.

"Docteur, tashi. Darasinka ya ƙare tun ɗazu, ni na saurara maka. In aka yi jarrabawa ni zan ci."

Na gwada sauraro a mota, na farka an wuce da ni. Na gwada karatu a tsaye, na gane mutum yana iya barci a tsaye. Ilimin halittu na ci da ƙyar, sinadarai kuwa har yau ban san yadda aka yi na tsallake ba. Saura ɗaya, sassan jiki, kuma shi ne bai taɓa ba ni tsoro ba. Sauran ɗaliban a hoto suke ganin zuciya da hanta. Ni da hannuna nake ciro su kullum, na san nauyinsu, na san inda kowace take kwance. Har tausayinsu nake ji.

Jarrabawar ƙarshe ta baka ce, ana kunna kamara, malama tana tambaya, 'yan rukuninku suna kallo suna jiran nasu layin. Ta faɗo ana gab da Layya, kasuwa ta cika maƙil. Da safiyar ranar wata mai gidan abinci ta zo ta kwashe duk ƙodar da muke da ita, ta sa na zagaya tebura ina nemo mata ƙari. Na isa shagon abokina idona jawur, na aro rigarsa mai tsabta na zauna.

Malamar mace ce mai sanyin murya. Ta ce in bayyana yadda jiki yake tace jini ya fitar da fitsari. Raina ya yi fari, don na san amsar. Na gyara zama na fara da Faransancina mai kyau, na ce jini yana shiga rognon ɗin majinyaci ta babbar jijiya.

Ga wanda bai sani ba, Faransanci suna biyu yake da shi a nan. Ƙodar mutum rein ce. Rognon ita ce wadda aka yanka aka ɗora a tebur, ake soyawa da albasa. Na san wannan sarai, na karanta, na ma rubuta daidai a duk gwajin da aka yi mana. Amma a rubuce na san rein, bakina bai saba da ita ba. Da gajiya ta zo sai bakin ya ɗauko wadda ya wuni yana faɗa.

Sai wani ɗalibi da bai kashe makirufonsa ba ya ce, "Kilo nawa ne, chef?" Duk fuskokin da ke kan allon suka fashe da dariya.

Malamar ta tsawatar, ta gyara mini a hankali, ta ce mu bar wannan, in yi mata bayanin numfashi. Nufinta ta cece ni. Na buɗe baki na ce iska tana sauka cikin mou. Huhun mahauta ke nan. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma shirun ya fi dariyar ciwo. Daga nan kaina ya ɗauke ɗif. Ta yi ta tambaya ina kallonta, ina jin kowace kalma na taɓa ta sai in ga ta a kan tebur da ƙudaje. Ban sake haɗa jimla ɗaya ba.

Abokina ya kashe kwamfutar ya ce, "Yako, mon frère," wato sannu, ɗan'uwana.

Da sakamako ya fito na sami mahaifina a tsakar gida bayan la'asar, mahaifiyata tana shafa masa man zafi a kafaɗa. Na durƙusa na ce ban ci ba. Ya tambayi abin da ya faru, na ba shi labari tun daga farko.

Ya ce, "Wato su suna biyu gare su?"

"E, Baba. Ta dabbar da aka yanka daban, ta mutum daban."

"Mu dai ƙoda ƙoda ce. Wancan sunan, na yankan, a ina ka koye shi?"

"A tebur."

Ya gyaɗa kai, ya ce wa mahaifiyata ta ƙara dannawa. Na tashi na ba su wuri. Gaskiya ban ji baƙin ciki sosai ba a ranar. Wani irin sauƙi ma na ji, cewa daga yau abu ɗaya zan riƙa yi, in kwanta in yi barci kamar kowa.

Da asuba na fito na tarar ya riga ya tafi. Na bi shi Adjamé, na zagaya zan shiga bayan tebur kamar kullum, sai ya miƙa hannu ya tare hanya.

"Tsaya can," ya ce, yana nuna gefen masu saye.

"Baba, ai mun yi alkawari."

"Ni na ɗaura, ni na kwance. Bakinka ba zai iya kasuwa biyu ba. Ni na ajiye ka a nan kana yi mini tafinta, abin da ka ji shi ka faɗa. Je ka koyi nasu sunan har ya zauna."

Na ce wa zai yi masa magana da mata masu saye. Ya ce suna da yatsa, su nuna.

Haka aka yi. Na sake kwas ɗin a zango na gaba, ina karanta sunayen da ƙarfi ni kaɗai a lungun shagon abokina har masu kawo gyara suna leƙo ni. Na ci, na shiga makarantar, yau shekaruna da dama ina aikin jinya. Shi kuwa ya ci gaba da sara da kafaɗar nan shi kaɗai. Wasu daga cikin matan sun gaji da nuni sun koma teburan da ake jin Faransanci. Na san haka don ina wucewa ina gani, shi bai taɓa faɗa ba. Ko a cunkoson Layya, in na zo na naɗe hannun riga, sai ya tare hanyar nan da hannu.

Mutane in sun ji labarin rognon dariya suke yi, ni ma ina taya su, don abin dariya ne. Amma ni abin da ya rage mini ba dariyar ba ce. Na nemi a sake ni, aka sake ni, kuma ban san zan yi kewar tsayuwar nan kafaɗa da kafaɗa da shi ba sai da ta gagare ni. Na gode masa sau da yawa, kullum sai ya kawar da zancen ya tambaye ni aiki.

Da ƙarfinsa ya ƙare ya bar wa ɗan wani abokin sana'arsa teburin, da wuƙaƙen duka. Yaron kirki ne, in na je sayen nama har cewa yake in zagayo ciki in zaɓa da kaina. Ban taɓa iyawa ba. A gefen masu saye nake tsayawa, inda mahaifina ya ajiye ni.