Ƙafar Kaza a Cikin Aljihu

Maigidana tela ne a kasuwar Kiru. Wani dillali ya zo ya cika masa kunne da labarin Jidda, wai a can allura kaɗai ta isa ta gina wa mutum gida. Ya bi shi ta ɓarauniyar hanya, ba takarda ba komai. Daga nan shiru.

Damina ta wuce, wata ta biyo ta, wata ma ta zo. Rannan yayansa ya same ni a tsakar gida.

"Ki yi haƙuri, mutumin nan ba ya duniya. Ki shiga takaba, mu sayar da keken ɗinkinsa."

Na ce, "Yaya, ka ga gawa?"

Bai gani ba. Ni kuwa tun a gidanmu an san ni da taurin kai.

Maigidana yana da wata ɗabi'a. Duk rigar da ya gama, sai ya juya aljihun ya yi ɗan ɗinkin hannu da koren zare, kamar sawun ƙafar kaza. Kullum ina yi masa tsiya, ina cewa ɓarnar zare ce.

Da alhazai suka dawo, na shiga yawon barka da zuwa: Kiru, Yako, har Bebeji a motar kasuwa. Mutane na cin dabino suna shan zamzam, ni ina juya aljihun jallabiyoyin tsaraba. Wata hajiya har ta janye jakarta. Na ji kunya ƙwarai, amma na haɗiye.

A hajji na gaba na sami alamar a Tudun Wada, a aljihun rigar wani alhaji. Koren zare, ƙafar kaza. Na roƙi alhajin ya ba ni rigar, na kawo na shimfiɗa a gaban Yaya. Ba a sake yi mini zancen takaba ba.

Daga baya maigidana ya dawo cikin waɗanda aka kama aka koro, a rame, idanunsa sun yi rauni. Ya ce ɗaki ne ake kulle su ta waje, su da mutanen ƙasashe daban-daban, ɗinki ba hutu ba lada, ko Juma'a ba a barinsu su je. Mai wurin ya sha dukansa a kan koren zaren nan.

Na ce, "To me ya hana ka dainawa?"

Ya ce, "Na san halinki. Na san sai kin duba."